Zaren da Ya Fi Ƙarfin Injiniya

A unguwarmu tun ban gama jami'a ba ake ce mini Injiniya. In fanka ta ƙi juyawa ni ake turo wa yaro, in rediyo ta yi shiru ni, in lasifikar masallaci ta kama kuka ana tsakar tafsiri ladan ba ya waiwayar kowa sai ni. Rabin abin da na taɓa ya tashi. Sauran rabin kuwa masu shi sun haƙura, tun da ba a kai ƙarar wanda bai karɓi kuɗin aiki ba. Saboda haka da na sami gurbin ƙaro karatu a wata jami'a a Jamus, aka ce aikin da zan yi na wutar lantarki ne da roba, ko gezau ban yi ba. Na ce a raina, mutumin da ya iya da wuta a garin da take zuwa baƙunta, ina ga an kai shi inda take kwana ta wuni?

Farfesar da aka haɗa ni da ita dattijuwa ce mai gajeren gashi da gajeriyar magana. Da kanta ta kai ni gaban na'urar. Na zaci zan ga abin da ya cika ɗaki, sai na tarar da akwatin gilashi a kan tebur. A ciki an kafa sirinji kansa a ƙasa, an naɗe shi da abin ɗumamawa. Cikin sirinjin ake zuba 'yan ƙwayoyin wata farar roba mai suna folikafurolakton, wadda ko Jamusawan ba sa wahalar da bakinsu a kanta, PCL kawai suke cewa. Zafin digiri 60 ya isa ya narkar da ita, amma akan riƙe ta tsakanin 70 da 90 don ta saki jiki sosai. Iska ce ke danno ta daga sama a hankali har ɗigo ya leƙo a bakin allura. Ƙarƙashin allurar, da tazarar milimita 3 zuwa 4, akwai farantin ƙarfe wanda kwamfuta ke ja gaba da baya, hagu da dama. Sai a saka wuta tsakanin allura da faranti, bolt dubu 5 ko dubu 6. Ta soket ɗin ɗakinka bolt 230 ce, ranar da aka kawo.

Tana murɗa wutar, ɗigon nan da ke reto a bakin allura ya tsuke, ya yi tsini, daga tsinin wani zare ya zubo wanda ban iya ganinsa ba sai da aka haska fitila ta gefe. Kaurinsa mikiromita 10. Tazarar ƙananan layukan nan na jikin rula, wato milimita, ita ake rabawa gida dubu a sami mikiromita 1; gashin kan mutum yakan kai 70. Faranti na tafiya, zare na kwanciya a kansa a miƙe. Ya je ƙarshe ya juyo ya ja wani layin kusa da na farko, ya gama jere ya gitta su da wasu, sannan ya dawo ya hau kan layin farko daidai wa daida, zare a kan zare, har layukan su zama 'yan katangu, tsakaninsu ramuka masu kusurwa huɗu. Raga ke nan.

Abin ba yau aka fara ganinsa ba. Tun a 1600 wani likita a Ingila, William Gilbert, ya rubuta cewa in ka goge daskararren ƙaron nan da ake duwatsun wuya da shi, ka kai shi kusa da ɗigon ruwa, ɗigon zai yi tsini ya nufo shi. A 1964 Geoffrey Taylor na Kambirij ya zauna ya lissafa tsinin, har yau kuma da sunansa ake kiransa. An daɗe ana fitar da zare ta wannan hanya, amma galibi da robar da aka narkar a ruwan sinadari, zaren kuwa yakan fito yana wutsil-wutsil a iska ya zube yadda ya ga dama. Sai a 2011 wasu masu bincike a Birisben ta Ostireliya, Toby Brown da Paul Dalton da Dietmar Hutmacher, suka nuna cewa in da zafi ka narkar da robar tana da kauri da nauyin jiki, ba ta saurin fizge-fizge, in kuma farantin ya ɗan fi zaren sauri, zaren zai kwanta a miƙe inda aka ce. In farantin ya yi nawa, sai zaren ya taru a wuri guda yana nannaɗewa.

Amfanin ragar shi ne a ba ƙwayoyin halittar jiki abin kamawa. In ƙashi ya ɓalle ya bar gurbi, ko guringuntsi ya cinye, ko fata ta ƙone, burin shi ne a saka ragar a wurin, ƙwayoyin su shiga ramukan su zauna su hayayyafa, ita kuma robar ta narke a jiki sannu a hankali cikin shekara 2 zuwa 3, lokacin naman ya riga ya tsaya da ƙafarsa. Yawancin aikin har yanzu a ɗakin gwaji yake da jikin dabbobi. Ƙwayoyin nan kuma 'yan tsirfa ne. Girman rami da siffarsa na canza musu hali. Masu aikin ƙashi sun daɗe suna cewa kada rami ya gaza mikiromita 100, sun ma fi son 300 ko sama, wasu ƙwayoyin kuma sai an matse su suke yin abin da ake so. Don haka in an ce zare ya kwanta nan, nan ɗin ake nufi, ba gidan maƙwabta ba.

Da daddare na kira Goggo, yayar mahaifina wadda ta rene ni, don ta san inda ɗanta ya kai. Na zayyano mata bayani tiryan-tiryan. Ta yi shiru, can ta ce, "To tsaya, ɗan nan. Abu ne ake ja ya zama zare?"

Na ce, "E, Goggo."

"A jera shi tsaye, a gitta shi kwance?"

Na ce, "Haka ne, amma da kwamfuta."

Ta ce, "Ikon Allah. Yanzu duk kuɗin jirgin nan, kaɗi da saƙa aka tura ka koyo? Da ka yi magana ai mazarina na nan cikin adaka."

Na bar maganar. Tsofaffi ba a ja da su, musamman in katin waya na Turai ne ke tafiya.

A duk ginin mutum ɗaya ne ke jin Hausa ban da ni, wani mai karatun sinadarai a benen ƙasa, kuma da Allah ya tashi jarraba ta sai ya zamo Bazazzage. Ban taɓa shan shayi a gabansa ya bar ni na haɗiye lafiya ba. Shi na fara gaya wa shirina, ya ce, "Bakano, ku fa ciniki kuka iya. Ka tsaya ka ga yadda ake yi tukuna." Na ce masa bawa ba ya koya wa ubangijinsa sana'a.

Shirin kuwa a zaman mako na fito da shi. Farfesa ta sanar cewa wasu likitocin tiyata za su zo ganin aikinmu bayan hutun ƙarshen shekara, kowa ya tanadi abin nunawa. Ɗalibai suka yi ta tashi suna nuna ragarsu, tazarar layukan mikiromita 200, wani 250, tsayi kuwa bai taka kara ya karya ba. Na duba takardar na'urar na ga motar da ke jan farantin ba ta kuskure wurin da ya wuce mikiromita 1 ko 2. Na ɗaga hannu. Na ce ban ga dalilin wannan ɓarnar fili ba. Ni tawa ragar tazarar 50 za ta yi, tsayinta kuma milimita 5. Ɗakin ya yi tsit. Wani dogon Bajamushe da ke kula da na'urori ya yi tari, ya kalli rufi. Farfesa ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Gwada." A lokacin na ɗauka yabo ne.

Na rubuta wa kwamfuta umarni, na tayar da na'ura, na tafi na yi barcin masu nasara. Da safe na ɗora abin da ya fito a ƙarƙashin madubin likita. Daga ƙasa, wallahi, sai ka so ka yi masa guɗa. Shimfiɗun farko sun kwanta tsaf, ramuka ɗaiɗai, kusurwa a tsaye. Na ɗan murɗa madubin na hau sama kaɗan. Nan na ga wani zare yana tafe a kan katangarsa lafiya lau, ba tare da kowa ya ce masa uffan ba ya karkace, ya tsallaka rami ta gicciye, ya hau katangar maƙwabta, ya bi ta ya yi 'yar tafiya, sannan ya tuna gida ya tsallako. Wanda ya biyo bayansa ya tarar da gada, ya bi. A sama da nan wata katangar ta sami zare biyu a kowane zagaye ta yi ƙiba, ta kusa da ita ba ta sami ko ɗaya ba ta tsaya a gajeriyarta. Wasu sun jingina da juna. Can ƙoli babu katanga babu rami, sai curin farin abu a hargitse.

Injiniya na gari ba ya ruɗewa, mai laifi yake nema. Na fara da motar faranti. Dogon Bajamushe ya auna ta a gabana, ta je inda aka ce ta dawo inda aka ce. Na koma kan jirgin ƙasan cikin gari da ke wucewa ta bayan ginin, na ce shi ke girgiza tebur. Aka nuna mini teburin a kan matashin iska yake. Na rubuta takarda na manna a ƙofa cewa a daina takawa da ƙarfi, har wata ɗaliba 'yar Koriya ta riƙa cire takalmi in za ta wuce, Allah ya saka mata. Na canza allura. Na ce robar ta kwana biyu, aka buɗe mini sabuwar kwalba. Duk kanwar ja ce. Bazazzage ya hau bene takanas ya leƙa madubin, ya daɗe, ya ɗago ya ce, "Ka kuwa yi bisimilla kafin ka kunna? Ginin nan tsoho ne." Na yi masa dariyar masu ilimi. Da ya fita na tofa abin da ya sawwaƙa, tun da ba a san inda rana za ta faɗi ba.

Ana cikin haka wata dabara ta faɗo mini, ta ranar baƙi. Ɓamɓare raga daga farantin ƙarfe aiki ne na haƙuri, ni kuwa so nake in miƙa wa likitoci tawa a cikin mazubi mai kyau. Sai na ɗauko murfin faifan roba, irin wanda ake renon ƙwayoyi a ciki, na kifa shi a kan farantin don zaren ya sauka kai tsaye a kansa. Wannan karon zaren bai ma jira ya hau sama ba. Tun daga shimfiɗar farko layi na biyu ya ƙi kusantar na farko, na uku ya yi lanƙwasa, na huɗu ya fita fili ya yi ta zagaye shi kaɗai.

A nan ne dogon Bajamushe ya gaji da tari. Ya kashe wutar, ya buɗe akwatin, ya ɗaga murfin robar da yatsa biyu, ya kalle shi ya kalle ni. Bai ce komai ba. Ya ɗauki rular roba daga kan tebur ya ce in miƙo hannu. Ina sanye da wata suwaita da na saya a gwanjo kafin in taso, mai kauri da sheƙi, wadda mai ita ya rantse mini ulu ce zalla. Ya goga rular a hannun suwaitar, ya kai ta saman wani guntun lalatacciyar ragata da ke kan tebur. Kafin rular ta iso guntun ya yi tsalle ya manne mata. Wasan da muke yi a firamare da biro da yagaggiyar takarda, shi aka yi wa mai digiri a injiniyancin lantarki, a gaban 'yar Koriya.

Sannan ya zauna ya yi mini karatu. Zaren da ke saukowa daga allura ɗauke yake da caji, cajin ne ma ya sa wuta ke iya jan sa har ya sirance haka. In ka cire cajin, ka cire zaren. Wanda ya fara sauka a kan ƙarfe yakan sami hanyar sauke yawancin kayansa, farantin ya kai su ƙasa. Amma roba ba ta barin wuta ta ratsa ta, kuma zaren na taɓa faranti yake hucewa ya daskare. Wanda ya hau a kan ɗan'uwansa ya yi nisa da ƙarfe, na samansa ya fi shi nisa, cajin ya rasa hanyar fita ya maƙale. Raga na ƙara tsayi, caji na ƙara taruwa. Sabon zaren da ke saukowa kuma irin cajinsu ne a jikinsa, iri ɗaya kuwa ture juna suke yi. Wannan ko a ajin farko na jami'a mun haddace shi: tun 1785 Coulomb na Faransa ya auna cewa ɗigo biyu masu caji, in ka rage tazararsu da rabi, turin ya ninka sau 4. Na ci wannan tambayar a jarrabawa da maki mai kyau. Ban dai san za ta biyo ni Jamus ba.

Da turi ne kaɗai, da abin ya zo da sauƙi. Akwai kuma ja. Katangar da ta riga ta tashi ta fi farantin kusa da allura, ƙarfin wutar kuma a kan abin da ya ɗago sama yake taruwa, don haka in zare ya matso kusa da katanga sosai sai ta fizgo shi ya hau kanta. Wannan jan shi ne sirrin da ya sa zare ke hawa kan zare daidai ba tare da kowa ya saita shi ba. Alheri ne in katangarsa ce ta ja shi. In ka matse layuka yadda na matse, zare na saukowa katangarsa na kira, ta maƙwabta ma na kira, cajin da ya taru a ƙasa kuma na kora, shi kuwa narkakke ne mara nauyi, duk wanda ya fi ƙarfi a wannan daƙiƙar shi zai bi. Motar tana kai faranti inda aka ce. Abin da ke faruwa a cikin milimita 3 ɗin nan na tsakanin allura da faranti, kwamfuta ba ta da labari. Murfin robar da na kifa kuwa, ƙofa ɗayan da caji ke fita ita na toshe.

Na tambaye shi, cikin muryar wanda ke gwada ɗalibi, ko ke nan tazarar 50 ba ta yiwuwa. Ya ce tana yiwuwa. A 2020 masu bincike a Wurzburg sun buga ragar da raminta mikiromita 40 ne, suka nuna matsin yana canza halin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki. Amma da zare siriri ƙwarai suka yi, kuma ba su ce za su gina bene ba. Zare siriri cajinsa kaɗan ne, gajeriyar katanga kuma janta kaɗan ne. Ni na haɗa zare mai kauri, da matsi, da tsayi, na ce su zauna lafiya.

Da na mayar wa Goggo wannan karatu, ba ta ko bari na kai aya ba. Ta ce, "Af, ai kishi ne. Ka kawo amarya ka ajiye ta hanci da hanci da uwargida, ka ƙaro ta uku ka ƙaro ta huɗu a ɗaki guda, babu tsakar gidan da wata za ta fita ta huce, sannan kana mamaki? Ka ba su fili, ɗan nan. Kuma ka bar wadda ta fara shiga ta sauke fushinta kafin ka turo wata." Na rubuta wannan a littafin aikina da Turanci, na cire sunanta.

To amma milimita 5 ɗin da na yi alkawari na nan tana jira. Na shiga binciken takardu na tarar cewa a 2018 Felix Wunner da abokan aikinsa, a Birisben ɗin nan dai, sun kai raga tsayin milimita 7, alhali kafin nan akan tsaya a 'yan milimitoci kaɗan. Sirrin kuma ƙara ƙarfin wuta ne. Ni mutum ne mai saurin fahimta, ba sai na karanta takarda har ƙarshe ba. Na jira aka watse da yamma, na tayar da na'ura, na kama maɓallin wuta daga dubu 6 na murɗa shi gaba ɗaya ya haura dubu 12.

Iska busasshiya tana jure kusan bolt dubu 3 a kowace milimita, in aka wuce haka sai ta buɗe wa wuta hanya, a bakin abu mai tsini ma ba ta kai haka. Wannan ma na ci shi a jarrabawa. Abin da na gani shi ne wani shuɗin haske daga allura zuwa faranti, abin da na ji kuma shi ne tas! Yadda aka yi na isa bakin ƙofa da kalmar shahada a bakina, kujera a kife, wannan sai dai a tambayi kujerar. Na'urar ta kashe kanta da kanta yadda aka tsara ta. Ɗakin ya ɗauki ƙauri. Bakin allura ya yi baƙi, a tsakiyar ragar kuma ga rami mai faɗin da ko ɗan kiyashi zai shige, wanda shi ne rami mafi tsari da na samar a wannan zangon. Washegari da na ƙarasa takardar sai na ga ashe su da kaɗan-kaɗan suke ƙarawa: kowace shimfiɗa a ɗaga allura daidai kaurinta, a ƙara wuta daidai yadda tazarar ta ƙaru, don jan da ke kan zaren ya zauna yadda yake. Da sun sa wannan a layin farko ai da sun hutar da mutane.

Bayan tartsatsin sai aka haɗa ni da dogon Bajamushe, wai don in taimaka masa. Aikin ya koma na lallashi. A goge farantin ƙarfe tas, a tabbatar wayar da ke kai wuta ƙasa ta kama. A ɗan ɗumama farantin, don roba mai ɗumi ta fi sakin cajinta. A bar zagaye ya ɗau lokaci kafin allura ta dawo kan layin da ta bari. A daidaita iskar da ke danno roba da wutar da ke jan ta, don in ɗaya ta rinjayi ɗaya zaren kan riƙa kumbura yana tsukewa, kowace kumbura kuma da nata cajin. A duba agogon laima da ke bango kafin a fara, don ranar da iska ta bushe caji ya fi daɗewa. Ba wanda ya kori cajin, hanyar fita kawai ake ba shi. Da haka muka sami raga mai tazarar mikiromita 100, tsayinta bai cika milimita 1 ba, faɗinta daidai farcen babban yatsa. Na duba ta daga ƙasa har sama, babu zaren da ya shiga gidan wani. A zaman mako na bayyana cewa na sauya ma'auni ne saboda dalilai na kimiyya.

Ranar baƙi ta faɗo a watan Janairu. Waje ƙanƙara, ciki an ƙure na'urar ɗumama ɗaki, iska ta bushe ƙayau. Wanda ya yi hunturu a Kano ya san irin ranar: ka taɓa ƙofar mota ta ja ka, ka tuɓe riga da daddare ka ji tana ƙas-ƙas. Farar rigar aiki ta auduga ce, kuma ba banza aka zaɓi auduga ba, amma ta ɓoye mini kwalliya, sai na rataye ta. Na fito da suwaitar gwanjo da sabuwar hula, na taje gemu. Ka'ida ita ce a ɗiga wa raga sifirit kafin a ɗaga ta, ya saki manninta ya kwantar da cajin, a kuma ɗauka da hantsakin ƙarfe. Na ga sifirit zai jiƙa ta ta rasa kyan gani, hantsakin roba kuma ya fi tausayi.

Likitoci suka kewaye tebur. Na yi gyaran murya, na sa hantsaki na ɓamɓaro ragar, na ɗago ta zuwa saitin fuskata don kowa ya gani. Na buɗe baki ke nan zan ce ga ta, sai na ga hantsaki babu komai.

Na kalli faranti, babu. Na kalli tebur, babu. Na saci kallon ƙasa, babu. Tun da baki ya riga ya buɗe sai na ci gaba. Na yi bayanin tsinin Taylor, na yi na PCL, na yi na ramuka, hantsaki na sama a hannuna, gumi na bin bayana a cikin ulu zalla. Wani tsohon likita mai ladabi ya gyara tabarau, ya sunkuyo ya ƙura wa bakin hantsakin ido, ya daɗe, ya ɗago ya girgiza kai ya ce, "Lallai siriri ne ƙwarai." Na ce masa ai aikin ke nan.

Farfesa ba hantsakin take kallo ba, haɓata take kallo. Ta ɗauki hantsakin ƙarfe, ta ce, "Kada ka motsa." A gaban likitocin tiyata, waɗanda suka san aiki in sun gan shi, ta sa hannu a gemuna ta zaro ragar. Ta ɗiga mata sifirit, ta shimfiɗa ta a ƙarƙashin madubi, hoton ya fito a babban allo. Ramuka na nan tsaf, layi bayan layi. A kansu kuma, daga kusurwa zuwa kusurwa, ga wani baƙin gungume a kwance, ya danne katangu ya rufe rami guda cur. Gashin gemuna ne. Ɗakin ya ɗauki sowa. Tsohon likitan ya ce sai yanzu ya gane ƙanƙantar zaren, ya roƙi a ba shi hoton.

Hoton nan har yau Farfesa na nuna shi a duk taron da ta je, an rubuta a ƙasansa cewa gashin ɗan'adam ne don kwatance. Ba a sa sunana ba, amma ni na san aikina ne na farko da ya zaga duniya. Bazazzage kuwa kafin la'asar ya kai labarin masallacin garin, inda har yanzu wani Baturke ke shafa haɓarsa in ya hango ni.

Abin da ya rage mini yanzu shi ne Goggo. Ta gaya wa duk unguwa cewa ɗanta na saƙa ƙashin mutum a Jamus, ta kuma aiko a ce mini tun da na iya, in saƙo mata zane na fita biki. Na zauna na buga lissafi. Zane yadi 2, a tazarar mikiromita 100, yana cin zaren da ya haura kilomita 40 a kowace shimfiɗa. In faranti na tafiyar rabin mita a minti, shimfiɗa 20 za ta ɗauki sama da shekara 3, in ba a kashe na'urar ba ko sau ɗaya, in kuma zarurrukan sun yarda sun zauna lafiya. Ko an gama, ranar da aka kai shi wurin mai guga ranar zai koma ɗigo. Don haka duk wanda hanya ta bi da shi ta gidanmu, don Allah kada ya shiga yi mata lissafi. Ya gaishe ta, ya ce ana nan ana saƙawa.